Shin Ko Kun San Jirgin Ruwa Na Iya Nutsewa Ba Tare Da Ya Huje Ba?

Shin ko kun san jirgin ruwa na iya nutsewa alhali ƙasansa lafiya lau, ko tsaga babu? Ƙwarai kuwa! Bai daki dutse ba. Ba a harbe shi ba. Ruwan ta sama yake shigowa: ta taga, ta ƙofa, ta bututun shan iska, ta murfin da wani ya manta bai rufe ba. Ku gyara zama, yau za ku sha mamaki.

Ga sirrin a taƙaice. Jirgi ba ya tsayawa cak a kan ruwa. Iska ta ture shi, ya karkata. Kaya su yi masa yawa, ya lotsa. Igiyar ruwa ta taso, ta hau kansa. Tagar da ke mita biyu sama da ruwa yanzu, nan da minti ɗaya tana iya komawa ƙarƙashinsa. Da zarar ruwa ya samu baki, jirgin ya ƙara nauyi. Ya ƙara nauyi, ya ƙara karkata. Ya ƙara karkata, wata tagar ta nutse. Haka abin ke bin juna, a guje!

Kun san nauyin ruwan teku kuwa? Ruwan da zai cika akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1, ya kai kilo 1,025. Fiye da tan guda ke nan! To, ku ɗauki 'yar taga mai faɗin santimita 30 kacal. In ta nutse mita 1 a ƙarƙashin ruwa, tana iya zuba wa jirgi kimanin tan 10 a minti ɗaya. In ta kai zurfin mita 4, gudun ruwan ya ninka. Taga ɗaya fa! Yanzu ku lissafa guda goma.

Shin ko kun san wani jirgin yaƙi ya nutse a tafiyarsa ta farko, bai ko fita daga tasha ba? Vasa ke nan, abin alfaharin Sarki Gustavus Adolphus na Suwidin. Igwa 64 na tagulla. Jiki duk sassaƙa da ado. Ranar 10 ga Agusta 1628 ya tashi daga Stockholm, jama'a sun yi cincirindo a bakin ruwa suna kallo. An bar ƙofofin igwa a buɗe don harbin ban girma. Iska ta kaɗa, jirgi ya karkata, ƙofofin ƙasa suka sha ruwa. Nisan da ya yi duka-duka? Kimanin mita 1,300! Mutum wajen 30 suka rasu.

Ku ji wata kuma game da shi. Kafin ranar, an gwada shi a bakin tasha. Aka sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Sau uku kawai suka yi, aka ce su tsaya, don jirgin na neman kifewa tun a ɗaure! Duk da haka aka sake shi. Ya kwanta a ƙasan ruwa shekara 333. A 1961 aka ɗago shi, kusan yadda yake. Yau yana gidan tarihi a Stockholm, mutane na tururuwa daga ko'ina don su gan shi.

Kafin Vasa ma an yi irin wannan a Ingila. Mary Rose, jirgin Sarki Henry na Takwas, ya shekara fiye da 30 yana aiki. Ranar 19 ga Yuli 1545 ya fita tunkarar jiragen Faransa a kusa da Portsmouth. Ya zo juyawa, ya karkata, ƙofofin igwa a buɗe. Ruwa ya afka. Wani abin tausayi: an shimfiɗa raga a saman jirgin don hana abokan gaba dirowa ciki, sai ragar ta hana mutanen jirgin fita. Cikin mutum 400 ko fiye, waɗanda suka tsira ba su kai 40 ba. Sarkin kuwa yana tsaye a bakin teku, a kan idonsa aka yi! Sai a 1982 aka ɗago ragowar jirgin.

Wani jirgin kuwa a tsaye yake, an jefa anga, ba guguwa ba yaƙi. Royal George, mai igwa 100, ranar 29 ga Agusta 1782. Ana so a gyara wani ɗan bututu a gefensa, sai aka tura igwogi ɓangare guda don ya ɗan karkata, wurin gyaran ya fito fili. Ya karkata kuwa, har ƙofofin igwa na ɗaya gefen suka kusa taɓa ruwa. Ruwa ya fara lasar bakinsu kaɗan-kaɗan. Kafin a farga, jirgi ya tafi. Fiye da mutum 800 suka halaka, har da mata da yara da suka zo sallama da 'yan uwansu. A kan gyaran bututu ɗaya!

Shin ko kun san Titanic yana da ƙane, kuma ƙanen ya fi shi saurin nutsewa? Titanic ya ɗauki awa 2 da minti 40 a 1912. Bangayen da suka raba cikinsa ɗaki-ɗaki ba su da isasshen tsawo, ruwa ya riƙa cika wannan ya tsallaka wancan ta sama. Da aka zo ƙera ƙanen nasa, Britannic, sai aka ɗaga bangayen, aka ƙara masa ƙarfi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya aka mai da shi jirgin asibiti. Ranar 21 ga Nuwamba 1916, da safe, ya taka nakiya a tekun Girka. An buɗe tagogin ƙasa don ɗakunan majinyata su sha iska. Jirgi ya karkata, tagogin suka nutse. Minti 55 ya ɗauka! Allah ya taƙaita, mutum 30 ne suka rasu, fiye da 1,000 suka tsira.

Minti 55 ya yi muku sauri? To, ga minti 14. Empress of Ireland, ranar 29 ga Mayu 1914, cikin dare da hazo, a kogin Saint Lawrence na Kanada. Wani jirgin dakon kwal, Storstad, ya soke shi a gefe. Fasinjoji da yawa sun bar tagoginsu a buɗe don iska. Da jirgin ya kwanta, ruwa ya riƙa shiga ta ramin karon, yana kuma shiga ta tagogin. Mutum 1,012 suka rasu cikin 1,477. A kogi fa, ba tsakiyar teku ba!

Yanzu ga abin da zai fi ba ku mamaki. Ruwa kaɗan a wuri mai faɗi ya fi ruwa mai yawa a ƙuntataccen wuri haɗari. Ku tuna yadda ake fama in an ɗauko ruwa a faffaɗan faranti: ka ɗan karkata hannu, duk ruwan ya ruga gefe guda, ya rinjaye ka. Haka yake a jirgin fito mai ɗaukar motoci. Daɓen motocin fili ne fetal, daga goshi har baya, babu bango. A ce tsawonsa mita 100, faɗinsa mita 20. Ruwa mai zurfin santimita 10 kawai, wanda iyakarsa idon sawu, ya haura tan 200! Duk tan 200 ɗin nan kuwa gefe guda za su ruga lokaci ɗaya.

Abin da ya faru ke nan ranar 6 ga Maris 1987. Herald of Free Enterprise ya tashi daga Zeebrugge ta Beljiyam zai tafi Dover ta Ingila, cike da motoci da fasinjoji. Manyan ƙofofin goshinsa a buɗe! Ma'aikacin da ya kamata ya rufe su barci ya kwashe shi a ɗakinsa. Kyaftin kuwa daga inda yake ba ya hango ƙofofin, kuma babu wata fitila da za ta nuna masa. Jirgi ya ƙara wuta, ruwan da goshinsa ke turawa ya taso ya shige daɓen motoci. Daƙiƙa 90 kacal, ya kwanta a gefensa. Daƙiƙa, ba minti ba! Mutum 193 suka rasu, ga fitilun tasha ana hangowa.

Shekara bakwai bayan haka aka ga wanda ya fi shi muni. Daren 28 ga Satumba 1994, jirgin Estonia na kan hanyarsa daga Tallinn zuwa Stockholm cikin guguwa. A goshinsa akwai wani ƙaton murfin ƙarfe da ake ɗagawa sama don motoci su shiga. Nauyinsa ya haura tan 50! Igiyar ruwa ta yi ta dukansa har makullansa suka karye. Ya ɓalle, ya fizgo gadar motoci ta buɗe. Ba a cika awa guda ba jirgin ya ɓace. Mutum 989 ne a ciki, 852 suka rasu.

Shin ko kun san ruwan kashe gobara ma na kifar da jirgi? Normandie na Faransa, mai tsawon mita 313, na cikin jiragen da suka fi kowanne girma da kyau a zamaninsa. Ranar 9 ga Fabrairu 1942 yana ɗaure a tashar New York, ana mai da shi jirgin ɗaukar soja. Tartsatsin walda ya faɗa kan tarin rigunan ceto. Wuta ta tashi. 'Yan kwana-kwana suka yi ta feshi ta sama, daga tudu da kuma daga jiragen ruwa. Dubban tan na ruwa suka taru a benayen sama, ba hanyar fita. Wuta ta mutu. Cikin dare jirgin ya kife a inda yake ɗaure! Bai sake tafiya ba har aka yanka shi.

Irin wannan ta faru a Bahar Maliya, ranar 3 ga Fabrairu 2006. Jirgin al-Salam Boccaccio 98 ya taso daga Duba ta Saudiyya zai tafi Safaga ta Masar, ɗauke da mutum wajen 1,400, yawancinsu Misirawa 'yan ci-rani, har da alhazai masu komawa gida. Wuta ta tashi a daɓen motoci. Aka yi ta zuba ruwa. Magudanan da za su fitar da shi suka toshe. Ruwa ya taru, ya ruga gefe guda, jirgi ya kife. Fiye da mutum 1,000 suka rasu. Magudana fa, wadda ba wanda ke ko kallonta!

Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido. Ku dubi Derbyshire: tsawon mita 294, ɗauke da tama fiye da tan 150,000. A Satumba 1980 ya shiga wata mahaukaciyar guguwa a kudu da Japan. Ya ɓace da mutum 44, ko kiran neman agaji bai yi ba. Shekara 14 ba a san inda yake ba! A 1994 aka gano shi a zurfin fiye da mita 4,000. Me bincike ya nuna? Igiyar ruwa ta karya kawunan wasu 'yan bututun shan iska a goshinsa. Ruwa ya yi ta tsiyaya ciki, awa bayan awa. Goshi ya yi nauyi ya sunkuya. Manyan igiyoyi suka samu damar hawa kan murfin rumbun kaya na farko, suka fasa shi. Na biyu ya bi, na uku ya bi. Har yau shi ne jirgin Birtaniya mafi girma da teku ta taɓa ci.

Taga ɗaya ta taɓa kayar da dandamalin haƙar mai sukutum. Ocean Ranger, a gaɓar Newfoundland ta Kanada, Fabrairu 1982. A lokacin babu irinsa a girma. Igiyar ruwa ta fasa gilashin wata 'yar taga da ke can sama da ruwa, a ɗakin da ake sarrafa daidaiton dandamalin. Tagar na da murfin ƙarfe na kariya, ba a rufe shi ba. Ruwan gishiri ya jiƙa allon na'urori. Daga nan aka kasa shawo kan tankunan da ke riƙe da daidaito. Dandamali ya sunkuya, ruwa ya bi ta kafofin sarƙar anga ya cika rumbunanta. Mutum 84 ne a kai. Ko ɗaya bai tsira ba.

Kada ku ce ai wannan duk labarin da ne. Ranar 1 ga Oktoba 2015, jirgin dakon kaya El Faro na Amurka ya shiga guguwar Joaquin a kusa da tsibiran Bahamas. An samu wani ɗan murfi a daɓe a buɗe, irin wanda mutum ɗaya ke bi ya sauka. Ruwa ya shiga rumbu. Jirgi ya karkata har man da ke sanyaya injin ya daina zagayawa, injin ya tsaya. Ya ƙara karkata, kafofin shan iska na gefe suka fara shan ruwa. Mutum 33 suka tafi da shi. An ciro na'urar naɗar bayanansa daga zurfin kusan mita 4,700, ɗauke da awa 26 na muryoyin ma'aikatan!

Jirgin ƙarƙashin ruwa fa? Shi da nutsewa ce sana'arsa! To, shi ma yana da babban bututu a sama da injinsa ke shaƙar iska in yana kan ruwa. Dole a rufe shi kafin a nutse. Ranar 23 ga Mayu 1939, jirgin Squalus na Amurka ya yi nutson gwaji, bawul ɗin bututun bai rufu ba. Ruwa ya cika rabinsa na baya, mutum 26 suka rasu. Sauran 33 suka maƙale a zurfin mita 74. Aka sauke musu wani ƙaramin ɗaki na ƙarfe daga sama, sawu huɗu, aka kwaso su duka da rai! Jirgin ma aka ɗago shi, aka gyara, aka sauya masa suna Sailfish, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu har ƙarshensa.

To, yaya masu jirgi ke kare kansu? In kun taɓa ganin hoton babban jirgi, ku duba tsakiyar gefensa. Akwai da'ira da layi ya ratsa ta. Wannan shi ne layin Plimsoll, sunan wani ɗan majalisar Birtaniya, Samuel Plimsoll, da ya yi ta fafutuka har aka kafa dokarsa a 1876. In ruwa ya rufe layin, kaya sun yi yawa, jirgi ba zai tashi ba. Kuma layin ba ɗaya ba ne! Akwai na ruwan daɗi, akwai na ruwan gishiri. Akwai na yankuna masu zafi, na bazara, na hunturu. Na can ƙasa shi ne na hunturun arewacin tekun Atlantika, inda igiyar ruwa ta fi hauka. Dalilin raba na ruwan daɗi da na gishiri? Ruwan gishiri ya fi ɗaga jirgi. Jirgi ɗaya, kaya ɗaya, in ya baro teku ya shigo kogi sai ya ƙara lotsawa!

Shin ko kun san har dokin ƙofa yana da doka a jirgi? Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1966 ta ƙayyade komai da ma'auni. Bakin rumbun kaya a wurin da igiyar ruwa ta fi duka: santimita 60 sama da daɓe. Bututun iskar tanki: santimita 76. Bututun shan iska: santimita 90. Shi ya sa duk mai shiga ƙofar jirgi daga waje sai ya ɗaga ƙafa sosai. Ruwan da ke yawo a daɓe ya zo ya daki dokin ƙofa, ya koma!

Dabarun ma abin sha'awa ne. Wani bututun an lanƙwasa kansa yana kallon ƙasa, don ruwa kada ya faɗa ciki. Wani an sa masa ƙwallo a maƙogwaro: ruwa ya zo, ƙwallo ya taso ya toshe, ruwa ya wuce, ƙwallo ya sauka, iska ta ci gaba da shiga. Tagogin ƙasa na da murfin ƙarfe a bayan gilashi. Gefen daɓe na da kafofin da ruwa ke bi ya koma teku. Kafar da sarƙar anga ke bi ta sauka rumbunta kuwa, ma'aikatan jirgi kan toshe ta da tsumma da siminti kafin doguwar tafiya. Siminti, a jirgin ƙarfe! In an isa tasha, a saki anga, sarƙa ta farfasa shi ta wuce.

Kowane babban jirgi yana da littafin da aka rubuta iyakarsa a ciki. Injiniyoyi sun lissafa daidai yawan karkatar da zai yi kafin kafa ta farko da ba ta rufuwa ta taɓa ruwa. Sau da yawa wannan kafar ta ɗakin injin ce, don injin ba ya aiki sai da iska, ba a iya toshe masa hanci. Kafin a kai wannan iyaka, jirgi na iya miƙewa da kansa. In an wuce ta, lissafi ya ƙare!

Kusan kowace doka a nan da rayuka aka saye ta. Bayan hatsarin Zeebrugge aka wajabta fitilun da ke nuna wa kyaftin ko ƙofofin motoci a rufe suke, da kyamarori ko masu sintiri a daɓen motoci. Bayan Estonia aka ƙarfafa makullan goshi, aka kuma bukaci jiragen fito na arewacin Turai su iya tsayuwa ko da ruwa ya hau daɓensu. Bayan Derbyshire aka ƙara ƙarfin murafan rumbu, aka sa na'urar da ke yin ƙara in ruwa ya shiga.

Wannan lissafi bai tsaya a teku ba. Kwale-kwalen da ke fito a kogin Neja, da Binuwai, da tafkin Kainji, da tafkin Chadi, samansa gaba ɗaya a buɗe yake. Ba murfi, ba taga, ba dokin ƙofa. Kariyarsa ɗaya ce tak: tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa. Kowane buhu, kowane babur, kowane fasinja da aka ƙara, daga wannan tazara ake ragewa. In ta koma taƙi ɗaya, igiyar wani jirgin mai inji da ya gifta ta isa. In mutane suka ruga gefe guda, ta isa. Ruwan da ya taru a ciki ba a kwashe ba, shi ma gefe guda zai ruga.

Don haka duk ranar da za ku hau, ku fara duban bakin jirgin kafin ku dubi wurin zama. In ruwa na lasar bakinsa, ku jira na gaba. Ku nemi rigar ceto, ku ɗaura ta. In kun zauna, ku zauna ke nan. Ku kuma ba wani labarin Vasa da mita 1,300, da Herald da daƙiƙa 90, da Derbyshire da 'yan bututunsa. Ku fara da wanda kuka san zai hau ruwa a wannan makon!